Fiƙar Kububuwa Da Abin Da Dafinta Ke Yi Wa Jini

Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau daga Liverpool ta Ingila nake magana, garin da ke da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka kafa a 1898. A nan ake tatsar dafin macizai, har da kububuwarmu ta Kaltungo a jihar Gombe.

Ku matso ku dubi kan macijin nan. Kumburin da ke bayan ido, nan jakar dafi take, asalinta kuwa wurin yin miyau ne. Siririyar jijiya ce ke kai dafin cikin fiƙa, ita kuma fiƙar rami gare ta kamar allura. Ta kububuwa da ta kasa doguwa ce, tana kwance a ganɗa, sai an wangale baki take miƙewa. Ta gamsheƙa gajera ce a kafe, hudarta na kallon gaba, shi ya sa take feshi har kusan mita 2. Idan ya shiga ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa.

Dafin kububuwa shi ne abin tsoro. Yana tilasta wa jini daskarewa a cikin jiki har sinadaran daskarwa su ƙare, daga nan jini ya koma tsararo. Mutum na zaune yana hira, dasashinsa na tsattsafo da jini, fitsari ya yi ja.

Gwajinsa bai da wuya. A ɗebi jini mililita 2, a zuba a sabuwar kwalbar gilashi busasshiya, a bar ta minti 20 ba a taɓa ba, sannan a karkata ta. In jinin ya kwaranyo, dafi ya shiga jiki, sai allurar maganin dafi irin EchiTAb. Gilashi fa na ce! Roba ko kwalbar da aka wanke da sabulu na iya hana jinin lafiyayye daskarewa, a yi wa mutum allurar da ba ya bukata. Bayan allura a jira awa 6 kafin a sake gwaji, domin hanta na bukatar wannan lokacin ta mayar da abin da ya ƙare.

Don Allah a daina tsaga wurin sara da reza. Jinin da ba ya daskarewa, in an yanka ba zai tsaya ba. Ɗaure ƙafa tamau kuma ruɓar da ita yake yi. A cire zobe da awarwaro kafin kumburi, a hana ƙafar motsi, a ɗauki mutum zuwa asibiti. Ko an datse kan macijin, kada a sa hannu, yana iya sara.