Ƙodar gidansu abokina a Shanghai

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da warhaka. Yanzu ƙarfe 6:30 na yamma a nan Shanghai, ku a Kano kuwa ko azahar ba ta yi ba. Fitowata ke nan daga ɗakin gwaji, yunwa nake ji ba kaɗan ba, za mu taka zuwa shagon taliyar musulmin Lanzhou da na saba zuwa. Ku yi haƙuri da ƙarar motoci. Kafin mu isa akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun makon jiya.

Akwai wani abokin karatuna Basine, benci ɗaya muke aiki. Ya yarda in ba da labarin amma ban da sunansa. Shekararsa 26. Rannan na ga yana ta zana da'irori da murabba'ai a takarda, irin zanen da muke yi na salsalar iyali, da'ira mace, murabba'i namiji, wasu ya cike su da baƙi, alamar masu ciwo. Na ɗauka aikin malaminmu ne. Ashe gidansu yake zanawa. Kakarsa ta wajen uba ta rasu tana da shekara hamsin da 'yan kai. Ƙanen babansa yana wankin ƙoda. Shi kansa baban, kuma abin mamaki su ma baba suke cewa kamar mu, bara ya fara wanki, sau 3 a mako, kowane zama awa 4. Da'ira baƙa, murabba'i baƙi, wani baƙin. A can ƙasa ya zana kansa, ya sa alamar tambaya a ciki.

Sinawa suna kiran cutar duo nang shen, wato ƙoda mai jakunkuna da yawa. Likitocin duniya suna taƙaita sunanta da ADPKD. Wasu 'yan jakunkuna ne masu ruwa suke tsirowa a cikin ƙoda, suna girma sannu a hankali, shekara da shekaru, har su danne naman ƙodar mai aiki. Ƙodar lafiyayye ba ta wuce dunƙulen hannunka ba, nauyinta kamar giram 150. Ta mai wannan ciwo tana iya kai kilo da yawa, ciki ya yi tulu. Mutum zai yi shekara talatin garau bai san komai ba, sai hawan jini ya fara leƙowa, ko ciwon kwiɓi, ko ya ga jini a fitsari. Kusan rabin masu ita ƙodarsu ta gaza kafin su wuce shekara 60. Ana ƙiyasin mutum 1 cikin 400 zuwa 1,000 yana ɗauke da ita, kuma a nan Sin kaɗai likitoci suna maganar mutum kusan miliyan 1.5.

To ga inda nake so ku buɗe kunne, domin mu da muka ji gado sai hankalinmu ya tafi kan sikila. A sikila sai uba ya kawo nasa, uwa ta kawo nata, AS da AS, sannan kowane ciki yana da kashi 25 na zama SS. Shi ya sa ake gwaji kafin aure. Wannan ta ƙoda ba haka take ba. Mutum ɗaya ya isa. In uba yana da ita, ko da uwar lafiyarta ƙalau, kowane ɗa kashi 50 ne, kamar ka jefa kwabo sama. Ba ruwanta da auren zumunci, ba ruwanta da mace ko namiji, kuma ba ta cika tsallake zuriya ba. Wani lokacin ma, kamar 1 cikin 10, babu kowa a dangi mai ita, daga kan mutumin ta fara.

Bari in tsallaka titi, masu babur ɗin lantarkin nan ba a jin zuwansu.

Yauwa. Mene ne ainihin abin da ake gada? Ku ɗauki DNA kamar littafi mai harufa biliyan 3, amma da harafi huɗu kacal aka rubuta shi: A, C, G, T. Duk haihuwa sai an kwafe shi. Tuntuɓen alƙalami ɗaya a shafin da bai kamata ba, shi ke nan. A wannan cuta shafukan biyu ne galibi. Na farko PKD1, yana kan kuromosom na 16, wato babi na 16 na littafin, an gano shi a 1994, shi ke da alhakin kusan kashi 80 na masu cutar. Na biyu PKD2, a kuromosom na 4, an gano shi a 1996, yana da kamar kashi 15. Bambancinsu ba wasa ba ne. Mai matsala a PKD1 yawanci ƙodarsa tana gazawa yana shekara hamsin da wani abu, mai PKD2 kuwa sai ya haura 70, wani ma wani ajalin ne zai ɗauke shi bai taɓa ganin injin wanki ba. Shekara ashirin fa ke tsakani. Don haka in iyali suka tambayi wanne ne nasu, tambayar rai ce.

Mu kuma masu aikin benci, PKD1 shi ne ke hana mu barci. Dogo ne, gaɓa 46 gare shi, furotin ɗin da yake samarwa ya haura tubali 4,300. Sannan a kan wannan kuromosom na 16 akwai wasu kwafi 6 da ba sa aikin komai, amma sun yi kama da gaɓoɓinsa 33 na farko da kusan kashi 98. Kamar an aike ka gida ka kira mutum, ka tarar da 'yan'uwansa shida masu kamarsa sak, duk sun sa riga iri ɗaya. In ba ka yi hattara ba sai ka karanto kuskuren kwafin banza ka ce na majinyaci ne. Ni kaina na taɓa yin sati biyu ina murna na gano wani abu, ashe ɗan'uwan na kamo. Malamina bai yi faɗa ba, murmushi kawai ya yi, wanda ya fi faɗan ciwo.

Kuma babu wani kuskure ɗaya da za ka ce shi ne na kowa. Waɗanda aka rubuta a PKD1 sun haura 1,000, yawancinsu gida ɗaya ne kaɗai ke da nasa. Shi ya sa duk sanda aka bi gidajen Sinawa da gwaji, sai an tarar da sababbi da ba a taɓa gani a Turai ko Amurka ba. Idan ka samu sabon, aiki bai ƙare ba, sai ka tabbatar shi ne mai laifin: ka gwada masu ciwon a dangi ka ga duk suna da shi, ka gwada tsofaffin da suka tsira ka ga ba su da shi. A nan ne abokina ya yi dariyar takaici. An haife shi lokacin dokar ɗa ɗaya, wadda aka yi daga 1980 zuwa ƙarshen 2015. Ba wa, ba ƙane, ba ƙanwa. Ya ce da gidanku ne, da kai da 'yan'uwanka goma sha ɗaya, da malaminmu ya yi rawa. Na ce masa ai ban ma ƙirga 'yan ɗakin amarya ba.

Sinawa ba zaune suke ba. A 2018 tawagar Farfesa Shi Yigong ta jami'ar Tsinghua, tare da Farfesa Mei Changlin na asibitin Changzheng da ke nan Shanghai, suka fitar da siffar furotin ɗin biyu a haɗe a mujallar Science: guda 1 na PKD1 da guda 3 na PKD2, sun zama ƙofa ɗaya. Akwai kuma maganin tolvaptan da Japan ta amince da shi a 2014, Amurka a 2018. Rage gudun cutar yake yi, ba ya warkarwa, ga ƙishirwa da yawan fitsari, kuma sai ana duba hanta. Wasu ma'aurata a nan suna zuwa a haɗa musu ciki a kwalba, a gwada kafin a dasa, a zaɓi wanda bai ɗauko ba. Wannan kuma zance ne na iyali da malamai, mu ajiye shi sai wata rana.

Abin da ya fi damuna shi ne, wannan mutumin da hannunsa yake gwada jinin wasu kullum, amma bai taɓa kwanciya an yi masa hoton ciki na minti goma don a ga ko shi ma yana da cutar ba. Yana da budurwa, iyayenta ba su sani ba. Babansa ba shi da wani ɗa sai shi. Na so in matsa masa, ganina sani ya fi, ko don ya fara lura da hawan jini da gishiri tun yanzu. Amma na tuna yadda na yi wata uku ina ɗage gwajin jinotayif ɗina kafin a kai kuɗin aurena, sai na ja bakina. Ya ce zai yi bayan ya kare kundinsa. Wata 'yar ajinmu ta raɗa mini cewa bara ma haka ya ce.

To ga shagon, kun ga koren allon da rubutun halal. Ga abokin nawa can ma a kusurwa ya riga ni, yana ɗago hannu. Bari in kashe kyamara, ba ya son a ɗauke shi. Laoban, mai shago, kwano biyu, a rage gishiri.