Ƙwaron Fure Mai Tauna

Masu kallo, barkanmu da sake saduwa. Duk wanda ya taɓa zuba wa malam-buɗe-littafi ido a kan fure ya san yadda yake cin abinci. Yana da wani dogon bututu a baki, a naɗe, sai ya warware shi ya zura cikin fure ya zuƙi ruwan zaƙi. Shi da danginsa masu yawon dare, irin su asu, sun kai iri 160,000 a duniya, kuma fiye da kashi 99 cikin ɗari na wannan jinsi 'yan gidan masu bututun nan ne.

To, akwai 'yan tsiraru da ba su da bututun ko kaɗan. Muƙamuƙi gare su, tauna suke yi. Masana suna kiran gidansu Micropterigidae.

Da farko dai ƙanana ne ƙwarai. Ko sun buɗe fukafukai, faɗinsu bai cika wuce milimita 15 ba, wasu ma rabin haka. Amma idan aka sa madubin ƙara girma, sai a ga kyau. Fukafukan gaba suna sheƙi, ruwan zinare da shunayya ko jan ƙarfe, kansu kuma cunkus da gashi a tsaitsaye. Da rana suke fita. Ba su da ƙarfin tashi, galibi rarrafe ne a kan fure da ɗan tsalle zuwa na kusa.

Abincinsu ƙurar fure ce. A Turai, wani mai suna Micropterix calthella, wanda masanin halittu Linnaeus ya bayyana tun 1761, yakan taru da yawa cikin furanni masu ruwan ɗorawa a wurare masu dausayi lokacin bazara. 'Yan uwansa na Niyu Zilan da Sabuwar Kaledoniya, wato Sabatinca, sun fi dogara da ƙurar haihuwa ta tsirran da ba sa yin fure.

Cin ƙurar fure ba wasa ba ne, domin kowace ƙwaya tana da ɓawo mai tauri sosai, abincin kuma yana can ciki. Yaya suke yi? Da wasu dogayen gaɓoɓi masu lanƙwasa a gefen baki suke tattaro ƙurar su tura ciki. A ƙasan bakin akwai wani ɗan zurfi mai ƙananan ƙayoyi, nan ƙurar take taruwa, sai muƙamuƙan su yi ta murza ta kamar turmi da taɓarya har ɓawon ya fashe. Duk wannan aiki cikin kan da bai fi kan allura girma ba.

Tsutsarsu ma daban take. Gajera ce mai kauri, tana da 'yan ƙahonni na ji dogaye fiye da na sauran tsutsotsin jinsin, kuma ba ta jure bushewa. Tana zaune cikin ruɓaɓɓen ganye ko ƙasa mai laima. Da yawa suna cin wani shimfiɗaɗɗen tsiro dangin gansakuka mai liƙe wa dutse a bakin ruwa. Idan ta shiga kwanson rikiɗa, a can ma tana da muƙamuƙai masu motsi, da su ake fasa hanyar fita.

Yanzu mu zo ga rabe-rabe, inda aka sha gardama. Masanan farko da suka duba ƙwaron nan sun rasa inda za su ajiye shi. Baki na tauna ne. Jijiyoyin fukafukan gaba da na baya kusan tsari ɗaya, alhali a yawancin jinsin sun bambanta. Wasu suka ga ya fi kama da ƙwarin ruwan nan da ake kira Trichoptera, waɗanda tsutsarsu ke gina wa kanta gida da yashi a ƙarƙashin rafi. A 1917 wani masani ɗan Birtaniya, Thomas Chapman, ya ce a cire shi gaba ɗaya a ba shi rukuni nasa, Zeugloptera, kuma wani masanin ƙwari, Howard Hinton, ya goyi bayan haka a 1946.

Amma fukafukan suna lulluɓe da ƙananan ɓawon nan da ke mannewa a yatsa kamar gari, alamar da ta haɗa dukan jinsin. Sauran sassan jiki, daga baya kuma binciken ƙwayoyin gado, duk suka nuna wuri ɗaya. Yau sunan Zeugloptera yana nan, sai dai a matsayin reshe cikin jinsin malam-buɗe-littafi, reshen da ya riga kowa rabuwa daga tushe. Bayansa akwai wasu ƙananan gidaje biyu masu muƙamuƙi: Agathiphagidae, iri biyu kacal a Ostareliya da tsibiran Fasifik, waɗanda tsutsarsu ke girma cikin 'ya'yan wani itace mai suna kauri, da Heterobathmiidae na kudancin Cile da Ajantina. Sai kuma babban gida, Glossata, na masu bututu.

Tsufan wannan reshe yana da shaida a dutse. A Labanan an samu ƙwaron nan cikin ƙaron itace da ya daskare shekaru wajen miliyan 125 da suka wuce, aka raɗa masa suna Parasabatinca a 1978. Kamanninsa da na yau ba su da nisa. An samu wasu a irin wannan ƙaro daga Myanmar da yankin Baltik.

Sai dai a yi hattara da cewa waɗannan su ne kakannin malam-buɗe-littafi. Ba haka ba ne. 'Yan uwa ne da suka raba hanya tun da daɗewa, kowa ya ci gaba da canzawa. Abin da suka riƙe shi ne tsohon tsarin baki, shi ya sa masana ke dubansu idan suna son sanin yadda jinsin yake kafin bututu.

An bayyana iri wajen 160 zuwa yanzu, a kowace nahiya ban da Antatika, har da Afirka ta Kudu inda ake samun masu suna Agrionympha. Wasu da dama suna ajiye a ɗakunan adana ƙwari ba a raɗa musu suna ba tukuna. A Japan kuwa an ga wani abin mamaki: iri sama da 20, tsutsarsu duka tsiro ɗaya take ci, wani dangin gansakuka mai suna Conocephalum. Abinci bai raba su ba, duwatsu da kwaruruka ne suka raba su. Ƙwaron da ba ya iya tashi nesa, kuma ba ya rayuwa sai da laima, idan ya maƙale a bakin wani rafi, zuriyarsa can za ta zauna har ta zama iri dabam da na rafin da ke bayan dutse.