Shirin Sashen Rubutu a Jarrabawar Neman Aikin Banki

Assalamu alaikum warahmatullahi. 'Yan'uwana matasa, maza da mata, barkanku da zuwa.

Yawancin masu neman aikin banki lissafi suke tsoro, shi suke kwana a kai, sai su bar sashen rubutu zuwa mako na ƙarshe. Yau a kan wannan sashen da ake rainawa zan yi magana, domin a nan ne ake tace waɗanda makinsu ya zo kusa da juna.

Bari in fara sallamar tambayoyin zaɓi, tunda ba su ne gaban goshinmu ba. Abu ɗaya zan ce: ku karanta ƙa'idar maki kafin ku shiga. A Indiya, hukumar IBPS da ke ɗaukar wa bankunan gwamnati ma'aikata tana cire rubu'in makin tambaya a kan kowace amsar da ba daidai ba. Amsoshi 4 na kame-kame da suka kuskure sun cinye maka amsa 1 mai kyau. Inda ake irin wannan, idan ba ka iya kawar da zaɓi biyu ba, ka wuce. Ita wannan hukumar ta shafe shekaru tana ba da minti 30 kacal don insha'i da wasiƙa, kuma a kwamfuta ake bugawa. Ku riƙe wannan minti 30 ɗin a zuciya, ko da taku jarrabawar ta bambanta, domin shi zai nuna muku irin gudun da ake nema.

To, me banki yake nema idan ya ce ka yi rubutu? Ba marubucin adabi yake nema ba. Ma'aikacin banki kullum cikin bayani yake: ya rubuta wa manaja dalilin da ya sa za a ba wane rance ko a hana shi, ya amsa wa mai ajiya ƙorafinsa, ya taƙaita doguwar sanarwar babban banki cikin layi kaɗan. Mai duba takardarka tambaya ɗaya yake yi wa kansa: wannan ya fahimci yadda kuɗi ke tafiya, kuma zai iya fahimtar da wani?

Shi ya sa nake roƙonku da babbar murya, ku daina haddar insha'i. Ina ganin yadda matasa ke kwafo rubutun wani a kan hauhawar farashi, su haddace shi kalma da kalma, kuma abin yana damuna ƙwarai, domin wahala ce ta banza. Da an ɗan juya tambayar, haddar ta watse. Abin da za ku koya shi ne sarƙar dalili. Babban banki ya ƙara kuɗin ruwa, bankunan kasuwanci su ma sun ƙara, karɓar rance ya yi tsada, mutane da kamfanoni sun rage kashe kuɗi, farashi ya rage gudu. Wanda ya gane wannan sarƙar, duk ta inda aka ɓullo masa yana da abin faɗa.

Ga misali guda da nake so kowa ya mallaka. Bankin Silicon Valley na Amurka ya zuba kuɗin masu ajiya da yawa a takardun lamuni masu dogon wa'adi, wato takardun bashi da ake saye ana karɓar riba a kansu, lokacin da kuɗin ruwa yake kusa da sifili. Daga watan Maris na 2022 babban bankin Amurka ya shiga ƙara kuɗin ruwa da sauri. Idan sabuwar takarda tana biyan riba mai tsoka, wa zai sayi tsohuwa mai ƙaramar riba a farashinta na da? Sai darajar tsofaffin ta faɗi. Bankin ya sayar da wasu, ya sanar da asarar kimanin dala biliyan 1.8, masu ajiya suka firgita, cikin yini ɗaya suka nemi cire kimanin dala biliyan 42. Ranar 10 ga Maris, 2023, hukuma ta rufe shi. Ku duba tambayoyi nawa wannan labarin zai amsa muku: haɗarin canjin kuɗin ruwa, muhimmancin amanar masu ajiya, inshorar ajiya, har da yadda wayar hannu ta sa cire kuɗi ya fi na da sauri. Ku haɗa shi da yarjejeniyar Basel ta 1988, wadda ta ce jarin banki kada ya gaza kashi 8 cikin 100 na kadarorinsa bayan an auna su da haɗarinsu. Misalai biyar ko shida irin waɗannan, da ka fahimce su ciki da waje, sun fi maka insha'i hamsin na hadda. Amma adadin da ba ka da tabbacinsa, kada ka rubuta. A banki, lambar ƙarya laifi ce babba, mai dubawa kuma da wannan idon yake karanta ka.

Sai yadda za a zuba shi a takarda. Minti biyu ko uku na farko kada ka rubuta komai sai batutuwa uku da za ka kafa hujja da su. Jimlar farko ta faɗi matsayarka kai tsaye. Kada ka ɓata sakin layi guda kana gaya wa ma'aikacin banki cewa banki yana da amfani a rayuwa, ya sani. Kowane sakin layi magana ɗaya da hujjarta. Idan an ƙayyade yawan kalmomi, ka tsaya a kai, domin bin umarni yana cikin abin da ake gwadawa.

Wasiƙa kuwa makinta a arha yake, amma ana zubar da shi. A ce an nemi ka rubuta wa manaja cewa na'urar ATM ta cire maka kuɗi ba ta ba ka ba. Wani zai cika shafi da fushi. Kai ka sa kanun wasiƙa, ranar da abin ya faru, adadin kuɗin, inda na'urar take, sannan abin da kake so a yi. Shi ke nan, ka rufe da ladabi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Daga yau, kowace rana ku karanta sharhi ɗaya na tattalin arziki a harshen da za a yi jarrabawar da shi, ku rufe, ku taƙaita shi cikin jimla biyar. Sau biyu ko uku a mako ku kunna agogo ku rubuta cikakken insha'i. Idan a kwamfuta za a yi, to a kwamfuta za ku yi atisaye, ku kashe manhajar da ke gyara kuskuren kalmomi, domin kada ku sa ran samunta ranar jarrabawa. Wanda ya saba da latsa waya da babban yatsa zai sha mamakin yadda hannunsa zai yi nauyi. Sannan ku ba wani wanda ba ya jin kunyarku ya duba muku. Ku buɗe littafi na musamman kuna rubuta kurakuran da yake nuna muku, za ku ga guda huɗu ko biyar ne suke ta maimaituwa. Su za ku fara nema a minti uku na ƙarshe da za ku ware don bita kafin lokaci ya cika.

Yanzu mai tambaya ya ɗaga hannu.