Riyal ɗari uku na liƙa wa filashi a Jidda

Assalamu alaikum jama'a, na gida da na nan Saudiyya. Yau ba zancen kasuwa, ba zancen iƙama, wato takardar izinin zama. Raina a ɓace yake tun daren jiya, gara in amayar muku da abin ko na samu sa'ida.

Biki aka yi na ɗan wani maigidana, a wata istiraha, wato gidan taro na haya, can bayan gari. Tun sati guda ake ta yayatawa an ɗauko mawaƙi takanas ta Kano. Sunansa ba zai fito daga bakina ba, kada ma ku tambaya. Kun san tun da aka rushe unguwannin su Karantina da Sabil mutanenmu suka watsu, wanda da kuke shan shayi tare kullum yanzu sai biki ko jana'iza ke haɗa ku. Saboda haka kowa ya fito. Na kai shaddata wanki da guga riyal goma sha biyar, na canzo 'yan biyar-biyar na riyal ɗari uku don liƙi. Ku buga da naira da kanku, ni ba na so in tuna.

Sai wajen ƙarfe ɗaya na dare gogan ya iso, da baƙin gilashi. Babu makaɗi ko ɗaya a bayansa, babu ɗan amshi. Wani yaro ne kawai da kwamfuta a cinya. Aka soka filashi, kiɗa ya tashi, ya kama makirfo yana rausaya. To ni ina gaba, tsakanina da shi bai fi taku uku ba, ina kallon maƙogwaronsa, ko motsi ba ya yi. Leɓe ne kawai ke aiki. Can wani Alhaji ya taso zai yi liƙi, sai mutumin ya sauke makirfo, ya rusuna yana cewa "ranka ya daɗe, na gode," alhali muryarsa na can cikin lasifika tana ta kukan soyayya. Da aka zo baitin mace kuwa, murya siririya ta cika fili, mu kuma maza ne zalla a wurin. Wani dattijo Bahijaze da ke gefena ya waiga hagu, ya waiga dama, ya tambaye ni ina mai waƙar take. Wallahi na rasa bakin ba shi amsa.

Abin da ya fi ƙona min rai, kafin shi wani ɗan Sudan ne ya yi wasa. Kun san tun da yaƙi ya ɓarke musu a Afrilun 2023 sun ƙaru sosai a garin nan. Shi da mai fiyanonsa da mai ganga ɗaya, shi ke nan. Yana yi yana gumi, murya ta ɗan shaƙe ya kurɓi ruwa ya ci gaba. Ya hangi ango ya saka sunansa nan take, ya ga tsofaffi sun miƙe suna kaɗa yatsu sama sai ya ja baitin ya maimaita musu. Ba na jin rabin abin da yake faɗa, amma kiɗan nasu da namu kamar uwa ɗaya uba ɗaya ne, jikina ya amsa. Ba mamaki kuwa, ai macen da ta fara waƙa a rediyon Omdurman a farkon shekarun 1940, A'isha Falatiya, jininmu ce, daga Sakkwato asalin gidansu yake.

Kada wani ya ce min ai zamani ne. Wane zamani? Ƙasar nan da nake ciki, sa'ad da na zo ko kiɗa ka ƙure a mota sai ka riƙa waige. A 2016 aka kafa hukumar nishaɗi, a Janairun 2017 babban mawaƙinsu Muhammad Abdu ya hau dandamali a nan Jidda bayan shekaru ba a yi irin wannan taro ba, a 2018 aka buɗe silima, a 2019 aka fara shagalin Riyad na shekara-shekara. Su ne baƙi a harkar in ka kwatanta da mu. Amma ka kalli wasan Muhammad Abdu: jerin masu goge irin na Turawa, jerin masu ganguna da tambura, 'yan amshi a tsaye, dattijo ya yi awanni da muryar da Allah ya ba shi. Ɗalal Maddah ma, wani babban mawaƙin nasu, a kan dandamali ya faɗi ya rasu a garin Abha, cikin Agustan 2000, yana tsakiyar waƙa, Allah ya jiƙansa. Ba ina cewa nan babu shirme ba. Akwai irin wanda ake yi a Riyad, mutum ya tsaya bayan na'ura yana tsalle yana ɗaga hannu, matasa na ihu har asuba, tikiti ɗaruruwan riyal. Wannan ko kyauta aka ba ni, barcina ya fi min.

Mu da muka haifi Shata! Mutumin da zai tsaya gaban kalangai ya ƙera waƙa a wurin, ya yabi wannan, ya yi wa wancan zambo, makaɗa na bin bakinsa. Ya rasu 1999, har gobe in na sa shi a mota kan hanyar Makka sai in ji ƙamshin ƙasar Katsina bayan ruwan farko. Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa ɗan mitsitsi shi kaɗai yake riƙe taro. Barmani Choge da ƙwarya kawai take tayar da gidan biki.

Su kansu waƙoƙin na yanzu, a saurara da kunnen basira. Kiɗa ɗaya ne ake juyawa a sutudiyo, a zuba wa murya Auto-Tune, manhajar gyaran murya, har ta koma ta aljana. Baiti kuwa zuciya, hawaye, masoyiya, kewa, a sake dawowa zuciya. Waƙar biki an riga an dafa ta, sunan amarya kawai ake cirewa a sa wani. Ta jiya ma a wani wuri sunan ya fi gurbin tsawo, sai aka ji an haɗiye rabinsa. Ban ce duka ba ne. Akwai yaran da in ka ji su a bidiyo suna rerawa da baki zalla, ba kiɗa, sai tsigar jikinka ta tashi. Murya akwai ta. Lalaci ne, da kuma mu masu liƙi da ba ma tambaya.

To ni dai ga gargaɗina, musamman ku iyayen biki na nan. In za ku ɗauko mawaƙi, ku yi magana tun kafin a sayi tikitin jirgi: da makaɗa zai zo ko da filashi? In da filashi ne, a turo ta WhatsApp, kuɗin masauki ya huta. Ku kuma mawaƙa, kada wani ya ruɗe ku ku shigo da bizar Umara ku ce za ku yi wasa, ƙasar nan ba ta wasa da takarda, wanda ya gayyato ku ba zai bi ku Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a kora gida, ba. 'Yan uwa mata, a ɓangarenku kada ku ɗaga waya kuna ɗaukar mutane, nan babban laifi ne, a gidajen biki da yawa ma tun a ƙofa ake karɓe wayar.

Abu ɗaya da ya yi daɗi jiya shi ne mandin, shinkafa da naman nan tasu, naman har narkewa yake, na ci na ƙara. Bari in tashi, an kusa kiran la'asar kuma ban buɗe shago ba. Bidiyo na gaba zan kai ku Balad, tsohon garin Jidda, ku ga wasan mizmar na mutanen Hijaz, na ganga da sanda, ku gaya min ko bai yi muku kama da wani abu na gida ba. Sai an jima.