Amsoshin Tambayoyinku: Mai shayarwa da ƙwayar bitamin D

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙun da muka ware yau duk a kan abu guda suke, wato ƙarancin bitamin D ga mace mai shayarwa da yadda ake maganinsa. Bari mu fara da wadda ta fi tsawo.

Wata mai shayarwa ce ta rubuto, ba ta so a faɗi sunanta. Ta ce jaririnta wata uku, nono zalla yake sha. Tun bayan haihuwa take fama da ciwon kwankwaso da cinyoyi, in ta zauna a ƙasa sai ta dafa wani abu kafin ta iya miƙewa. Da aka auna jininta aka ce bitamin D ɗinta 9 ne, likita ya rubuta mata kafso mai IU 50,000 (IU ma'aunin bitamin ne), ɗaya a mako har mako takwas. Ta karɓo, ta ga jerin sifilin da ke jikin kwalin, gabanta ya faɗi, ta ajiye shi ba ta sha ba. Tana tambaya: maganin nan ba zai bi ta nono ya illata yaron ba? Ko ta dakatar da shayarwa har ta gama?

Malama, Allah ya ƙara sauƙi, ya raya mana yaro. Muddin likitan ya san kina shayarwa lokacin da ya rubuta, to ki ɗauko maganinki ki fara sha, kuma kada ki cire yaron daga nono ko na kwana ɗaya. In bai sani ba, ki koma ki gaya masa kafin ki fara.

Wannan 9 da aka ce miki, ƙasa yake sosai. Cibiyar nazarin harkokin likitanci ta Amurka, a rahotonta na 2011, ta ce ƙasa da nanogiram 12 a kowace mililita ta jini ƙaranci ne, 20 zuwa sama kuwa ya wadaci yawancin mutane. Wasu ɗakunan gwaji da wani ma'auni suke aiki, nanomol a lita, a nan 12 ɗin shi ne 30, 20 kuma 50. Da kowanne aka auna naki, 9 bai kai ba. Ciwon da kike ji ma ya yi kama da shi, domin bitamin D ne ke sa hanji ya tsotsi kalsiyam daga abinci, in babu shi ƙashi ya yi taushi, tsokar cinya da ta kwankwaso su yi sanyi.

Sifilin nan kuma kada su firgita ki. IU ɗan ƙaramin ma'auni ne ƙwarai, sai an tara 40 ake samun mikirogiram ɗaya. Kafson naki gaba ɗaya miligiram 1.25 ne, in an raba shi a kwana bakwai ya kama wajen IU 7,000 a rana. Gaskiya ne ya haura 4,000 da aka yanke a matsayin iyakar abin da babba zai riƙa sha kullum, amma waccan iyakar ta mai shan abinsa ce ba tare da kulawar likita ba, kuma na dogon lokaci. Naki cike giɓi ne na mako takwas, bayansa a mayar da ke ƙaramar ƙwaya ta kullum, a sake auna jinin bayan kamar wata uku.

Abin da ke tsallakawa cikin nono kaɗan ne. A irin wannan adadin, yakan ƙara wa nonon bitamin D ne, wanda dama yaron ke buƙata. Duk da haka ki sa masa ido. In ya daina kama nono da kyau, ko yana yawan amai, ko bayan gida ya ɗaure, ko ya yi laushi ba kuzari, ko nauyinsa ya tsaya, a kai shi a auna kalsiyam ɗin jininsa. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, amma sani ya fi.

Akwai abin da ba ki tambaya ba, kuma ni shi ya fi damuna. Jariri da guzurin da ya samu daga jinin uwarsa yake zuwa duniya. Uwar da nata ya faɗi zuwa 9 wata uku bayan haihuwa, da wuya a ce yana sama lokacin da take da ciki, ke nan mai yiwuwa yaron ma da ɗan kaɗan ya zo. In za ki koma asibiti ki tafi da shi, ki tambayi likita kai tsaye ko za a fara ba shi nasa ɗigon yanzu, ko sai kin gama babban kafson. Shi zai yanke, tunda shi ya san abin da kike sha.

Wasiƙa ta biyu daga wani magidanci take, kuma da alama ransa a ɗan ɓace yake. Ya ce matarsa tana shan ƙwayar masu shayarwa kullum, ya duba ya ga akwai bitamin D IU 400 a ciki, amma a asibiti an ce a riƙa ɗiga wa jaririyar ma nata. Ya ce ba an ce nonon uwa cikakken abinci ba ne? Me ya kawo ninki biyu?

Malam, babu abincin da ya kai nono ga jariri, wannan ba a taɓa shi. Sai dai bitamin D asalinsa ba ta abinci ake samun yawancinsa ba, fata ce ke haɗa shi in rana ta taɓa ta. Shi ya sa litar nono guda yawanci ba ta kai IU 80 ba, jariri kuwa 400 yake buƙata a rana, kuma ƙaramin jariri ko litar ma ba ya shanyewa. IU 400 da maiɗakinka ke sha, ko 600 da aka ce mai shayarwa na buƙata, jikinta suke gyarawa, ɗan abin da ke isa ga yarinyar bai taka kara ya karya ba. Don haka ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce tun 2008 a ba duk jaririn da ke shan nono IU 400 kullum daga kwanakin farko na haihuwa. A Birtaniya mikirogiram 8.5 zuwa 10 suke cewa, daga haihuwa zuwa shekara guda, kusan abu ɗaya ke nan. Shawarar takan ɗan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma abin da aka gaya muku ba ninki ba ne, lissafin uwa daban, na 'ya daban.

Akwai wata hanyar, don kada ka ji ta a wani wuri ka ce mun ɓoye. A 2015 Bruce Hollis da Carol Wagner da abokan aikinsu a Amurka suka wallafa bincike inda aka ba wasu uwaye IU 6,400 kullum ba a ba jariransu komai ba, sai jinin jariran ya yi daidai da na waɗanda aka ɗiga wa 400. Hanyar tana aiki, amma da sharuɗɗa. Adadin ya wuce iyakar 4,000, don haka sai da sanin likita. Kuma ya fi a sha kullum, domin nau'in bitamin ɗin da ke shiga nono ba ya daɗewa a jinin uwa, cikin kwana ɗaya ko biyu hanta ta juya yawancinsa zuwa wani nau'in da ba ya tsallakawa sosai. A ganina ɗigon ya fi sauƙi, kuma kana ganin abin da ya shiga bakin yarinyar da idonka.

To amma a karanta kwalbar kafin a ɗiga, nan ne aka fi yin kuskure. Wata kwalbar ɗigo ɗaya tak shi ne IU 400. Wata kuma sai an cika bututun zuwa layin mililita ɗaya. Wanda ya saba da ta biyu ya ɗauki ta farko ya cika bututu, ya ba jariri abin makonni a lokaci guda. In mai ɗigo ɗaya ce, uwar ta ɗiga a kan nononta ta ba yarinyar ta tsotsa na kamar rabin minti, hakan ya fi a nufi bakin jaririya mai wutsil-wutsil da kwalba. In an manta yau, gobe a ba da na gobe kawai. Iyakar jaririn da bai wuce wata shida ba IU 1,000 ce a rana. Yaron da ke shan madarar gwangwani da yawa kuma ba ya buƙatar ɗigon, tunda an riga an zuba mata bitamin ɗin. Birtaniya ta ce in ya wuce mililita 500 a rana, Amurka ta ce wajen lita guda.

Sai wata dattijuwa, jikarta ce ta rubuta mata. Ta ce su sun haifa sun raina ba ɗigo ba kafso, ga rana kyauta, me zai hana a riƙa fitar da uwa da ɗa su sha hantsi?

Iya, maganarki akwai gaskiya a ciki, rana ce tushen abin. Sai dai ba kowace rana ba. Hasken da ke sa fata ta haɗa bitamin D ya fi ƙarfi lokacin da inuwar mutum ta fi shi gajarta, na sassafe da na yamma ba su da shi sosai, kuma gilashin taga yana tare shi. Fata mai duhu ta fi buƙatar lokaci kafin ta haɗa abin da fara za ta haɗa. Tufafi, hayaƙi, ƙura da zaman ɗaki duk suna rage shi, shi ya sa ake samun ƙarancin har a ƙasashen da rana ke dukan ƙasa duk shekara. Ita uwar ta fita ta sha rana, yana da kyau, amma wadda nata ya riga ya faɗi ƙasa ba za a jira rana ta ɗago shi ba. Shi kuwa jaririn da bai kai wata shida ba, ba a shanya shi a rana, fatarsa ba ta jurewa.

Kuma ko a da ɗin, Iya, ba duka yara suka tsira ba. Cutar taushin ƙashi ta cika biranen masana'antu na Turai, inda hayaƙi ya rufe sama, har sai da Edward Mellanby ya nuna a 1919 cewa man hantar kifi na warkar da ita, Elmer McCollum kuma ya gano a 1922 cewa wani bitamin ne na daban a cikin man. Alamunta su ne wuyan hannu ya yi kauri, maɗiga ta ƙi rufewa da wuri, tafiya ta yi jinkiri, ƙafa ta lanƙwashe tana ƙaruwa. Ɗan bakan ƙafa ga yaron da bai shekara biyu ba sau da yawa ba komai ba ne, kuma bayan yaye ƙarancin kalsiyam a abinci kaɗai na iya kawo cutar, don haka a bar likita ya tantance. Jaririn da ya yi jijjiga kuwa, asibiti nan take, domin faɗuwar kalsiyam na cikin abubuwan da ke jawo ta.

Ga wata gajeruwa: cikin nau'ukan bitamin D biyu, D2 da D3, wanne za ta sha, kuma abinci ba zai isa ba? 'Yar'uwa, duka biyun suna aiki kuma mai shayarwa na iya sha, D3 ya ɗan fi ɗaga yawan bitamin ɗin a jini da riƙe shi. Ki sha tare da abinci mai ɗan maiƙo. Kifi mai maiƙo yana da shi da yawa, ƙwai ɗaya kuwa IU 40 da 'yan kai ne, sai kin ci fiye da goma kafin ki kai 600. Kada kuma ki yarda a musanya miki da calcitriol ko alfacalcidol, waɗannan wasu nau'ukan bitamin D ne na masu wasu cututtuka kamar ciwon ƙoda, ƙarfinsu daban.

Ta ƙarshe daga wata ce da ta gama nata mako takwas, ta ji daɗin jikinta, sai ta ci gaba da sayen kafson 50,000, yanzu wata biyar ke nan, wani makon ma sau biyu take sha, kuma tana shayarwa.

Hajiya, ki dakata daga yau. Bitamin D ba ya fita da fitsari kamar bitamin C, a kitsen jiki yake taruwa, in ya yi yawa ya ɗaga kalsiyam ɗin jini. Ki lura ko kina yawan ƙishirwa da fitsari, tashin zuciya, ɗaurewar ciki ko kasala; in aka daɗe a haka yana kai ga tsakuwa a ƙoda, har ya taɓa ƙodar kanta. Ko ba ki ji komai ba, ki je a auna miki bitamin D da kalsiyam, a duba yaron shi ma. Ki tafi da duk kwalayen da kike sha, har da ƙwayar masu shayarwa da man hantar kifi in akwai, a tara lissafin wuri ɗaya. In kin taɓa yin tsakuwar ƙoda, ko kina shan maganin hawan jini mai sa fitsari, ko na farfaɗiya, ko na tarin fuka, ki faɗa, domin wasunsu na ƙara ɗaga kalsiyam, wasu kuma na saurin ƙarar da bitamin ɗin, kuma da wannan za a tsara miki adadin da za ki koma sha.

Lokaci ya cimmana. Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.