Aikin Bazara a Tsibirin Hirta: Gadin Ɓera, Gyaran Dutse da Ƙidayar Tsuntsaye

Masu kallo, barkanmu da warhaka. Wannan tudun da ya ɓullo daga cikin hazo shi ne Hirta, babba a tsibiran St Kilda da ke Tekun Atilantika, yamma da Sikotlan. Tsakaninsa da tsibirin North Uist, inda mutane suka fi kusa, kilomita 64 ne na ruwa zalla. Ranar 29 ga Agustan 1930 aka kwashe mutum 36 da suka rage a garin, bisa roƙonsu, kuma tun daga lokacin ba a sake samun ɗan gari ba. Masu zuwa yanzu ma'aikata ne. Akwai na tashar radar sojan Birtaniya da ke karɓa-karɓa duk shekara, akwai masu binciken tumaki, sai kuma 'yan ƙalilan na ƙungiyar kula da wuraren tarihi da muhalli ta National Trust for Scotland, wadda ke riƙe da tsibiran tun 1957. Su waɗannan kan zauna daga wajejen Afrilu zuwa Satumba, kuma aikinsu za mu bi a yau.

Kada kalmar bazara ta ruɗe ku. A watan Yuli ma'aunin zafi bai cika wuce digiri 12 ba, ga iska, ga yayyafi. Abin da ke da yawa shi ne haske: a watan Yuni rana kan kai kusan awa 18 a sama, ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 10 na dare.

Daga Leverburgh a tsibirin Harris, jirgin ruwa mai gudu kan ci kamar awa uku. Wurin sauka ɗaya ne tak, gaɓar da ke gaban tsohon ƙauyen, kuma bakinta na kallon kudu maso gabas. In iska ta taso daga can, igiyar ruwa na shigowa kai tsaye, babu mai sauka babu mai hawa. Shi ya sa duk wanda zai zo aiki ake ce masa ya riƙo abinci da magungunansa fiye da na kwanakin da aka tsara, kuma kada ya sayi tikitin jirgin sama na washegarin ranar da yake sa ran fita.

Ku lura, jirgin bai matso ya ɗaure a gaɓa ba. Ya tsaya can nesa, ƙaramin kwalekwale ne ke jigilar mutane. Babban ɓeran nan da kan biyo jirgin ruwa ake gudu. Yawancin tsuntsayen nan a ƙasa suke ƙwai, wasu cikin rami, wasu cikin tsagar dutse, kuma da yawansu ƙwai ɗaya suke yi a shekara. Ba su saba da mafarauci irin ɓera da ke shiga rami da dare ba. Ɓera mace ɗaya mai ciki ta isa: cikinta mako uku ne, takan haifi shida zuwa goma, 'ya'yan kuma su fara nasu cikin wata uku. Don haka ake zuba abinci a robobi masu murfi, a zazzage jaka kafin a hau jirgi, a kankare tabo da irin ciyawa daga takalmi. Kare da kyanwa ba sa taka tsibirin.

Ga yadda ake gadin. Ana narka kakin zuma ko na kyandir, a gauraya da garin koko, a zuba a ƙananan mazubai ya daskare. A sa kowane ɗan curi cikin akwati mai ƙofa, a jera su kusa da gaɓa, da ma'ajiyar kaya, da wurin shara. Ma'aikaci na zagayawa yana duba shatin haƙori. Nan ake buƙatar ido, domin tsibirin na da nasa kusun daji, wanda ya ninka na babban yankin Sikotlan nauyi, kuma babu irinsa ko'ina a duniya. Shi ma yana gaigayar kakin. Shatin haƙorinsa siriri ne, na ɓera ya fi faɗi da zurfi. Wannan kusun ne kuma ya sa ba a iya watsa guba sakaka, don za a kashe abin da aka zo karewa. A watan Fabrairun 2008 jirgin kamun kifi mai suna Spinningdale ya daki duwatsun gaɓar. An ceto mutanensa 14 da helikwafta, sannan hankali ya koma kan ko akwai ɓera a ciki. Aka ɗana tarkuna, aka baza kaki, Allah ya taimaka ba a ga ko ɗaya ba.

Zaman yau da kullum ba shi da wani ƙyale-ƙyale. Daga cikin gidaje 16 da aka jera a farkon shekarun 1860, shida aka yi wa rufi: ɗaya kicin, ɗaya gidan tarihi, sauran na kwana da ajiya. Wuta daga tashar soja take zuwa. Ba a dogara da wayar salula, rediyon oba-oba ake ratayawa. Kafin ka hau tudu sai ka sanar da inda za ka da lokacin da za ka dawo, domin hazo kan rufe wuri cikin 'yan mintuna. Hatsarin da sabbin zuwa ba sa kawowa a rai shi ne wandon ruwa: in ka zame a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa sanye da shi, santsinsa ba ya barin ka tsaya, gangaren kuma a bakin kwazazzabo yake ƙarewa. Bayan dutsen Conachair, mai tsawon mita 430, ƙasa ta yanke ne kawai zuwa teku, kuma babu gaɓar dutse da ta kai ta tsawo a duk Birtaniya.

Waɗannan ƙananan ɗakunan dutse da suka warwatsu a jikin tudu ana kiransu kilet. Kusan 1,260 ne a Hirta kaɗai. Aikin rumbu suke yi, sai dai shi rumbu toshe shi ake, wannan kuwa da gangan aka bar shi da ƙofofin iska. An jera duwatsun ba laka ba siminti, aka rufe sama da faffaɗan dutse, aka ɗora ƙasa da ciyawa. Ruwa ba ya shiga ta sama, iska na ratsawa ta gefe, sai naman tsuntsu da ƙwai da gashi da ingirici su bushe ba su ruɓe ba. A wurin da babu bishiya ko ɗaya, dabara ce da ta cancanci a sara mata.

Lalacewarsu daga sama take farawa. Tumaki na hawa suna kiwo, iska na zaizayar ciyawar, gefe ɗaya ya buɗe. Ruwa ya sami hanya, ya wanke ƙasa da tsakuwar da ke tsakiyar bango, bangon ya yi ciki, wata rana da hunturu ya zube. Gyaran yana da ƙa'ida. Da farko a nemo tsofaffin hotunan wannan kilet ɗin, a gane dutsen da ya faɗo da inda yake da. Fuskar da ta sha iska tana da gansakuka, ita ke kallon waje. A mayar da shi ba tare da siminti ba, don siminti na tare ruwa da iska, ya kashe amfanin ginin. Sannan a yanko ciyawa da saiwarta da ƙasarta, a shimfiɗa a danne, a lokacin da akwai laima, in ba haka ba ta bushe iska ta ɗauke. Kafin a taɓa komai kuma sai an saurara an leƙa, domin ƙananan tsuntsaye na sheƙa cikin bangon, in da ƙwai a ciki aikin ya jira. Sauran aikin hannu shi ne shafa kwalta a rufin gidaje da yashe tsofaffin magudanan ruwa. Ba aikin da ke fitowa da kyau a hoto ba ne, amma shi ke riƙe da ƙauyen.

In aka hau ta bayan ƙauyen zuwa wata tsaga tsakanin tuddai biyu, sai Boreray ya bayyana, kilomita 6 arewa maso gabas, da manyan duwatsu biyu tsaye cikin ruwa a gefensa, Stac Lee mai mita 172 da Stac an Armin mai mita 196. Farin da kuke gani a kansu ba ƙanƙara ba ce. Tsuntsun ganet ne da kashinsa, wajen ma'aurata 60,000. Faɗin fikafikansa ya kusa mita 2, yana faɗowa ruwa daga mita 30 da gudun da ya kusa kilomita 100 a awa. Ƙananansu kan gangaro har gaɓar Muritaniya da Senegal. Akwai ma wani ɗan tsuntsu mai fari a tushen wutsiya, wheatear, da ke ƙwai cikin bangayen nan, ya kuma yi hunturunsa a yankin Sahel.

To yaya ake ƙirga tsuntsaye kusan miliyan ɗaya? Kowane iri da hanyarsa, kuma sirrin shi ne a maimaita hanya ɗaya, a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, kowace shekara. Fulma, mai zama a jikin dutse, a watan Yuni ake ƙirga shi da tabarau mai hangen nesa, tsakanin hantsi da la'asar. Ba duk wanda aka gani ake sawa ba, sai wanda ya kwanta daram a wurin da ƙwai zai iya zama. A maimaita kwanaki da dama a ɗauki matsakaici, don wasu hutawa kawai suke yi. Kada a matsa masa kusa: yana feso wani mai daga cikinsa, warinsa ba ya fita daga tufa.

Fafin, mai baki kala-kala, a rami yake, don haka rami ake ƙirgawa. A auna fili da igiya, a bi kowane rami a durƙushe, ana neman sabuwar ƙasa da aka tono, farin kashi a baki, ɓawon ƙwai ko gashin ɗan tsako. A tsibirin Dùn da ke daf da Hirta, ramukan sun cinye ƙasa ta ciki, in ka taka ba a hankali ba rufin ya burma kan ƙwai. Wani kuskure da akan yi shi ne ƙirga rami mai baki biyu a matsayin biyu.

Mafi wuya shi ne ɗan fetirel na Leach, mai nauyin giram 45 ko kusa da haka, wanda sai dare ya tsala yake zuwa ƙasa. Sama da kashi 90 cikin 100 na waɗanda ke Birtaniya a nan suke. Da rana ake kunna masa kukan ɗan'uwansa a bakin rami, a saurari amsa. Matsalar, ba kowa ke amsawa ba. Sai a ware wasu ramuka a riƙa komawa kullum har a gane kashi nawa ke amsawa a zuwa ɗaya. A ce ɗaya cikin uku ne, to sai a ninka abin da aka ji a sauran wurare sau uku. In wannan ma'aunin ya karkace, duk lissafin tsibirin ya karkace.

Sakamakon ba mai daɗin ji ba ne. Ƙidayar 2023 ta nuna fulma ya ragu da kashi 69 cikin 100 tun 1999, kitiwek, wani farin tsuntsun teku, da kashi 84. Murar tsuntsaye ta 2021 da 2022 ta kashe kusan kashi biyu cikin uku na bonksi, wannan ƙaton mai ruwan ƙasa da ke kawo wa mutum hari a ka in ya ratsa kusa da sheƙarsa. Maganinsa, a ɗaga sanda sama da kai a ci gaba da tafiya, don abin da ya fi tsawo yake hara. Tun zuwan murar, ba a taɓa mataccen tsuntsu sai da safar hannu da takunkumi, takalmi kuma a tsoma shi a maganin ƙwayoyin cuta.

Daga ƙarshen Yuli, 'ya'yan fafin na barin rami da dare su kaɗai, ba iyaye. Hasken fitila da ƙarar janareta kan ruɗe su, su sauko tsakanin gine-gine. Don haka ake kashe fitilun waje, a rufe labule, da asuba a zagaya a tsince su, a auna, a ajiye a kwali mai duhu, a sake su a bakin ruwa.

Agusta kuma watan tumaki ne. Ƙanana ne masu launin ƙasa, irin Soay, suna zubar da gashinsu da kansu. A 1932 aka kawo 107 daga tsibirin Soay da ke maƙwabtaka aka sake su a Hirta, kuma tun 1985 masu bincike ke bin su ɗaya bayan ɗaya. A Afrilu a kama jarirai a sa musu alama a kunne. A Agusta a kafa raga, a koro garken yankin ƙauye, a auna nauyi da tsawon ƙafa da ƙaho, a ɗebi jini da kashi don ƙirga ƙwan tsutsar ciki. Ba a ba su abinci, ba a ba su magani. In sun yi yawa ciyawa ta ƙare, hunturu ya zo da tsanani, fiye da rabi kan mutu, galibi ƙanana da raguna. A 2023 wasu likitocin dabbobi suka kai koke majalisar Sikotlan, suna cewa waɗannan dabbobin gida ne da mutum ya kawo, bai kamata a bar su yunwa ta kashe su ba. Gwamnati kuwa na ɗaukarsu a matsayin dabbobin daji. Makiyayi dai da wuya ya yarda da hujjar gwamnati, mai bincike kuma zai ce ranar da aka fara rage garken, bayanan da aka tara kusan shekara 40 sun canza ma'ana.