Fodkas ɗin Ƙarƙashin Kuka: Ciyawar Meziko da wuta-wutar gonarmu

Zainab: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Yau Malam Habu ya ce ciyawa zai kawo mana, ni da Aminu muka ce to, Allah ya sa ba kiwo zai tura mu ba.

Malam Habu: Ku yi dariyarku. Ciyawar nan 'yar uwar masara ce ta jini. A Meziko ana kiran danginta teosinte, kuma daga ɗaya cikinsu aka samo masarar da muke gasawa, shekara wajen 9,000 da suka wuce. Wadda na zo da labarinta kuwa ita ce Zea diploperennis.

Aminu: Malam, sunan nan sai ka ce maganin asibiti. Kamarta fa?

Malam Habu: Daga nesa ka ce masara ce da ta yi 'ya'ya da yawa a gindi. Amma zangarniyarta ko yatsanka ba ta kai ba, ƙwaya kaɗan a jere, kowace cikin ɓawo mai tauri kamar tsakuwa. Abin mamakin yana ƙarƙashin ƙasa: tana da saiwa mai rarrafe irin ta tofa. Rani ya busar da sama, ruwa na sauka ta sake tohowa, ba sai an shuka ba.

Zainab: Wa ya gano ta?

Malam Habu: Wani ɗalibi ne a Jami'ar Guadalajara, Rafael Guzmán, a tsaunukan Manantlán da ke jihar Jalisco ta Meziko. A 1979 shi da masana tsirrai Hugh Iltis da John Doebley suka bayyana wa duniya cewa sabon nau'i ne. Na ce "gano", amma fa manoman wurin sun daɗe da saninta, dabbobinsu ma na ci. Masana ne suka makara.

Aminu: To mu ina ruwanmu? Ga gamba, ga harkiya, ciyawa ba ta yi mana kaɗan ba.

Zainab: Tsaya Aminu, ba kai ne bara kake kukan wuta-wuta ta cinye gonar Baffanka ba?

Aminu: Kada ki tuna min. Gona ta yi ja da fure, gwanin kyau, masara kuwa ta tsaya iya gwiwa, ganye ya yi rawaya. Ko kuɗin taki bai fito ba.

Malam Habu: To ruwanka ke nan. Ciyawar nan tana karɓar barbara da masara, 'ya'yan su yi albarka. Masana a cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan sun haɗa ta da masara, suka yi ta tacewa har suka fitar da irin da ke turje wa wuta-wuta. Ita wuta-wuta ai saiwar masara take kamawa ta tsotse, tun kafin ka ga kanta a waje. A wannan irin, kaɗan ne ke samun kamawa, waɗanda suka kama ma da yawa ba sa yin kirki.

Zainab: Ikon Allah. Yanzu tana nan lafiya a can?

Malam Habu: Da sauƙi dai. A 'yan wurare ƙalilan take fita a duk duniya. Dalilinta aka keɓe tsaunukan a 1987, fili fiye da hekta 130,000, hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da shi a matsayin wurin kare halittu a 1988.

Aminu: Shike nan, a zagaye da waya, a kori shanu da manoma.

Malam Habu: Da an yi haka da an kashe ta da hannu. Ciyawar rana ce. A saura take jin daɗi, inda aka yi sassabe aka sa wuta, aka noma shekara biyu ko uku aka bari. In aka hana noma gaba ɗaya, itatuwa su dawo su yi mata inuwa, ta shaƙe. In kuma aka koma feshin maganin ciyawa, ko aka saki shanu suka yi mata kiwon ƙarƙaf kafin ta zubar da iri, nan ma ta tafi.

Zainab: Wato dole a zauna da tsofaffin manoman nan a ji yadda suke yi.

Malam Habu: Dole kam, kuma a nan ake shan wuya, don matasansu suna barin ƙauye zuwa birni da Amurka.

Aminu: Ni dai Malam, in mun tashi ka faɗa min inda ake samun irin nan. Baffa ya riga ya fara sharar gona.